Na raba wa leburori hular kwano, shin na sauke nauyin da ke kaina?

Tambaya: Wani bawan Allah da ke gina bene mai hawa uku a Lugbe, nan Abuja, ya ce bai ba kamfani kwangila ba. Shi ke sayen kaya, foman ɗinsa ke ɗauko birkiloli da leburori ana biyan su kullum. Ya sayi hular kwano da riguna masu ƙyalli ya raba musu. An gama fandisho, ana shirin dekin farko da haƙa sokawe, ga damina ta kawo kai. Yana so ya san ko abin da ya yi ya wadatar, da kuma abin da doka ta ɗora masa idan wani ya ji rauni.

Amsa: Alhaji, Allah ya saka da alheri da ka yi wannan tambaya tun ba a zuba dekin ba. Gaskiya ba ka sauke nauyin ba tukuna. Hular kwano tana tare guntun bulo ko guduma da ta suɓuce daga sama, kuma wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Sai dai abubuwan da suka fi kashe ma'aikata a gini irin naka su ne ruftawar dekin, faɗowa daga sama, ruftawar rami da wutar lantarki, kuma babu wanda hula ke hanawa a cikinsu. Ana hana su ne ta yadda aka tsara aikin kafin lebura ya ɗauki shebur, tsarin nan kuwa yana hannun mai biyan kuɗi.

Bari in fara da dekin, tunda shi ne a gabanka. Kankare mai mita ɗaya a tsawo, faɗi da zurfi yana da nauyin kilo 2,400. Dekin mai kaurin santimita 15, wato inci shida, yana ɗora kilo 360 a kan kowace murabba'in mita. Idan hawan naka murabba'in mita 150 ne, lissafin ya kai tan 54, ba a sa nauyin bim ba, wato dogon kankaren da ke kwance daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi yana riƙe dekin, ba a sa mutane da baro ba. Ranar zubi wannan kankare ba shi da ƙarfin riƙe kansa ko kaɗan, duk nauyin yana kan gorar da kafinta ya tokara. Abin da ke faruwa shi ne a kafa gora a kan cikon ƙasar da ba a danne ba, ruwan sama ko ruwan da ke ɗiga daga kankaren ya jiƙa wurin, gora ɗaya ta nutse da ɗan yatsa biyu. Nauyinta sai ya koma kan na kusa da ita, ita ma ta lanƙwashe, cikin daƙiƙu kaɗan wurin ya zube gaba ɗaya.

Saboda haka a fara zuba daɓen kankaren ƙasa kafin a kafa tokara, ko kuma a danne ƙasar sosai a shimfiɗa katako mai kauri ƙarƙashin kowace gora. Kada ka yarda da gorar da aka haɗa guntaye biyu da ƙusa, ko wadda ta gaza aka ɗora ta a kan bulo. A aikin da aka saba tazarar gora da gora ba ta wuce santimita 60, amma injiniyan da ya zana ginin shi zai faɗi ta ƙarshe. A ɗaure su da juna a kwance ta fuska biyu, a ƙara wasu a gicciye, domin doguwar gora ba ta karyewa kai tsaye, lanƙwashewa take yi ta gefe. Ranar zubi a riƙa baje kankaren, kada a tara tuli a wuri guda. Kada kowa ya zauna shan inuwa a ƙarƙashi. Kafinta ɗaya ya tsaya daga gefe yana kallon tokarar, kuma a sanar da kowa cewa idan ya ce a tsaya, an tsaya ke nan.

Baranda mai fitowa waje babu ginshiƙi a ƙarƙashinta tana da nata haɗarin. Rodin da ke riƙe ta a sama yake zama, kusa da fuskar dekin. Masu ɗaukar kwanon sarki suna bi ta kai suna taka shi, ya nutse ƙasa, kankare ya rufe, ba mai ƙara ganinsa. Ranar da aka cire tokara sai barandar ta tsage daga gindi ta faɗo. A sa ƙafafun rodi masu ɗaga shi, a shimfiɗa katakon tafiya a kai, injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi, ya zo ya duba rodin da idonsa kafin a tayar da miksa. Dubawa ta hoton WhatsApp ba dubawa ba ce.

Sai batun cire katako, inda gaggawa ta fi yin ɓarna, musamman idan kafinta yana so ya kwashe gorarsa zuwa wani aikin. Kankare yana samun kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa a kwana 7, ba ya cika sai wajen kwana 28, kuma da sharaɗin ana ba shi ruwa, aƙalla makon farko safe da yamma. Katakon gefen ginshiƙi ana iya cirewa bayan kwana ɗaya ko biyu. Tokarar ƙarƙashin dekin da bim kuwa, kwana 21 da magina suka saba al'ada ce mai kyau, ka riƙe ta, baranda a bar ta ta cika 28. Ana fara cirewa daga tsakiyar ɗaki zuwa bango, a baranda kuma daga bakin waje zuwa ciki. Wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: dekin gidan zama an zana shi ya ɗauki mutane da kayan ɗaki na kimanin kilo 150 zuwa 200 a murabba'in mita. Idan ka zo zuba dekin na biyu, kilo 360 ɗin nan a kan na farko zai sauka. Don haka a bar tokara a hawan ƙasa, ko a mayar da ita, har na saman ya yi ƙarfi. Haka ma bulo. Mai inci tara ya haura kilo 20, guda 200 da aka jibge a tsakiyar falo sun wuce tan huɗu. A rarraba su kusa da bim da bango, a riƙa ɗaukowa gwargwadon aikin yini. Benen da ya rufta a Jabi a watan Agustan 2018, da mai hawa 21 na Ikoyi a Legas ranar 1 ga Nuwamban 2021 wanda ya ci rayuka fiye da 40, duk ana cikin gina su ne, kuma akasarin waɗanda suke ciki masu neman abincin yini ne.

Faɗowa daga sama ita ce kan gaba wajen kashe ma'aikatan gini a duniya. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce duk inda mutum zai iya faɗowa mita biyu ko fiye, sai an kare gefen. Kariyar tana da sassa uku: sanda ta sama a tsayin kimanin mita ɗaya, ta tsakiya, da katakon ƙasa mai santimita 15 da ke hana ƙafa ko bulo zamewa. Igiyar leda mai ja da fari da ake ɗaurawa gargaɗi ce kawai, ba ta riƙe kowa. Ramin matakala da duk wata kafa da aka bari a dekin a rufe su da katako, a buga ƙusa, a yi alama da fenti. Falankin da aka aza kawai ya fi buɗaɗɗen rami haɗari, domin lebura zai ɗaga shi a gabansa yana tafiya, bai ga abin da ke ƙasa ba, ya taka iska. Rodin ginshiƙi da ke tsaye tsirara a ƙasa a rufe kansa da katako, saboda wanda ya faɗa a kansa ko daga ɗan tsayi kaɗan ne, soke shi zai yi.

Sikafol, wato dandamalin da magina ke hawa su yi aiki a sama, idan na gora ne yana iya yin aiki a hawan ƙasa idan gorar lafiyayya ce, ba ta tsage ba, ƙwaro bai ci ta ba, kuma ɗaure ta aka yi, don ƙusa tana tsaga gora. Daga hawa na biyu zuwa sama shawarata ka yi hayar na ƙarfe. Kowane iri ne, ƙafafunsa su zauna a kan katako, a ɗaure shi da jikin ginin a kowane hawa, wurin tsayawa ya kai faɗin santimita 60. Falankin da ake yin katakon dekin da shi, mai kaurin inci ɗaya, ba na tsayuwar mutum ba ne, yana karyewa ƙarƙashin birkila da kwanon siminti da bulo biyar. A nemi mai inci biyu, a jera biyu, a ɗaure bakunansu kada su ɗaga idan an taka ƙarshe. A duba sikafol kowane mako, da kuma bayan kowace iska mai ƙarfi, irin wadda ke zuwa da ruwan farko a Afrilu da Mayu. Tsani kuma a jingina shi yadda duk mita huɗu na tsayi gindinsa zai ja baya mita ɗaya, kansa ya zarce wurin sauka da mita ɗaya, a ɗaure shi a sama. Mai hawa tsani yana bukatar hannuwansa biyu, saboda haka kaya a ja su da igiya ko a yi gangaren katako mai kariya.

Za a ce maka ka sayi bel ɗin tsaro da ake ratayawa a jiki. Yana da kyau, amma a san yadda yake aiki. Wurin da za a maƙala shi dole ya iya riƙe kusan tan biyu, don haka gorar sikafol ko bututun ruwa ba su isa ba. Igiyarsa mai mita biyu, idan ta buɗe wajen rage ƙarfin faɗuwa, tana bukatar fili na kusan mita shida a ƙasa. Ka ga ke nan a hawan farko, mai tsayin mita uku, mutum zai bugi ƙasa kafin igiyar ta riƙe shi. A irin wannan tsayin a gajarta igiyar yadda ba zai ma iya kaiwa bakin dekin ba. Masu rufi ne suka fi bukatarsa, kuma kada su hau da sassafe raɓa na kan kwano, ko iska na kaɗawa suna riƙe da dogon kwano.

Yanzu sokawe. Duk ramin da ya wuce zurfin mita 1.2 yana bukatar ko dai a kwantar da gefensa, ko a tokare shi da katako. Ƙasa mai mita ɗaya ta kowace fuska tana kai tan ɗaya da rabi. Ba sai ta rufe kan mutum ba, idan ta kai ƙirji ta hana shi jan numfashi, mintuna kaɗan ne. Jar ƙasar Abuja tana yaudara: da rani tana tsayawa cak har mai haƙa ya saki jiki, ruwa ɗaya ya ratsa ta sai ta ɓalle faifai guda. Wurin da aka taɓa cikewa da ƙasa, ko kusa da rafi, ya fi muni. Ƙasar da aka fitar a zuba ta aƙalla mita ɗaya daga baki, tifa kada ta matso, tsani ya kasance a ciki koyaushe, kuma bayan kowane ruwa a duba tsaga a bakin ramin kafin kowa ya sauka. Kada a haƙa dab da katangar maƙwabci har a wuce zurfin gindinta, domin za ta kwanto kan masu aikin. Idan Allah ya kawo tsautsayi ƙasa ta rufe wani, da hannu da shebur ake tono, ba a sa injin haƙa. Da dare kuma a rufe ramin da tankin ruwa, akwai yaran unguwa.

Tsohon sokawe ko rijiya da za a shiga gyara wata matsala ce daban. Akwai iskar da ke taruwa a ciki mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, idan ta yi yawa tana kashe jin wari, mutum ya zaci ta tafi, ya yanke jiki ya faɗi. Na sama ya ga ɗan'uwansa ya faɗi, ya duro don ceto, shi ma ya faɗi. Haka ake rasa mutum biyu ko uku a rami ɗaya. Gwaji da kyandir ko ashana kada a yi shi, domin wata iskar masai tana kamawa da wuta. A buɗe wurin, a hura iska da inji, a auna da na'urar gwajin iska, mai shiga ya sa bel da igiya a hannun mutum biyu da za su iya jawo shi ba tare da sun sauka ba. Injin jan ruwa mai fetur ko janareta ba ya shiga rami ko rufaffen ɗaki, hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai guba marar wari da ke kisa.

Wutar lantarki tana zuwa ta hanya biyu. Ta farko manyan wayoyin da ke bin titi. Rodi tsawonsa mita 12 ne, mutum biyu suna juya shi a saman dekin, bakinsa ya doshi waya mai 11kV ko 33kV, kuma ba sai ya taɓa ba, wutar tana tsallakowa idan an matso sosai. Ƙa'idar NERC, hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, ita ce gini ya bar mita 5.5 ta kowane gefen irin waɗannan wayoyi, mita 15 ga 132kV, mita 25 ga 330kV. Idan aikin zai kusanci waya, a je ofishin AEDC, kamfanin rarraba wuta na Abuja, a nemi su kashe layin na lokacin. Ta biyu ita ce wayar wurin aikin kanta: bakin waya tsirara da aka cusa a soket aka danne da tsinken ashana, haɗin da aka naɗe da leda yana kwance cikin ruwa, injin walda da ba shi da murfi. Fis ko bireka mai amfiya 30 waya yake karewa daga ƙonewa, alhali abin da ke tsayar da zuciyar mutum bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba. Abin da ke kare mutum shi ne na'urar RCD mai 30mA, wadda ke yanke wuta nan take idan ta fara bi ta jikin mutum, a sa ta a allon da duk injinan wurin ke shan wuta, har da na janareta, a danna maɓallin gwajinta lokaci-lokaci. Wanda wuta ta kama ba a taɓa shi sai an kashe ta. Idan ba ya numfashi a kwantar da shi a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya kira lambar gaggawa ta 112.

Sauran abubuwan ba sa kisa nan take, amma suna cin mutum a hankali. Ƙurar yankan tayil, dutse da bulo tana taurara huhu, kuma ba ta da magani, don haka a riƙa yanka da ruwa, a sa takunkumin N95, ba ƙyalle ba. Ɗanyen siminti yana ƙona fata, lebura mai silifas a cikin kankare zai tashi da gyambo, a ba shi takalmin roba dogo da safar hannu, idan ya shiga ido a wanke da ruwa mai tsabta minti 20. Giranda kada a cire mata murfi, kada a sa mata faifan da ya fi ƙarfinta. Miksa da injin bulo a rufe bel ɗinsu, mai wanke ciki ya kashe injin ya sa makullin a aljihunsa. A zafin Maris da Afrilu, ko lokacin azumi, a mayar da aikin sama da zubin kankare zuwa sassafe. Wanda ka ga idonsa ya canza saboda ƙwaya, kada ya hau sama ranar, ko da shi ne ya fi kowa ƙarfi.

Ka kuma dubi yadda kake biya. Jinga, wato a biya birkila da yawan bulon da ya ɗora, tana sa kowa sauri, kuma ɗaure sikafol ba ya cikin abin da ake ƙirgawa. Ka ware kuɗin kafa kariya daban, ka biya shi a matsayin aiki. Idan aka tsayar da aiki saboda an ga haɗari, a biya leburori kuɗin yininsu. Muddin faɗin gaskiya zai sa mutum ya koma gida hannu rabbana, ba wanda zai gaya maka gora ta tsage. Za ka ji ana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali, kuma ran da ke kan sikafol ɗin amana ce a hannunka.

Ta fuskar doka, Dokar Masana'antu ta 1987 ta yi maganar rufe injina, tsabta, iska da kayan kariya, ta kuma wajabta kai rahoton haɗarin da ya yi kisa ko ya hana ma'aikaci aiki fiye da kwana uku ga jami'an Ma'aikatar Ƙwadago. An rubuta ta ne domin masana'antu, ba ta shiga filla-filla kan wurin gini ba, shi ya sa yawancin ma'aunan da na ba ka daga ƙa'idojin aikin da ake bi a duniya suke. A Abuja izinin gini yana fitowa daga sashen kula da gine-gine na AMMC, hukumar gudanar da birnin Abuja, kuma aikin ya kamata ya kasance a hannun magini mai rajistar CORBON, hukumar rajistar magina. Tun a dokar inshora ta 2003 an wajabta wa mai gina abin da ya wuce hawa biyu ya yi inshorar da za ta biya ma'aikata da jama'ar waje idan ginin ya jawo rauni ko mutuwa, naka kuwa ya shiga ciki.

Wadda ta fi shafar tambayarka ita ce Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010. Ta ɗora wa mai ɗaukar aiki ya riƙa biyan kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin wata ga asusun NSITF, hukumar gwamnati da ke biyan diyyar ma'aikata, kuma ma'anar ma'aikaci a cikinta ta haɗa da na wucin gadi, ɗan koyo da na yini. Tunda babu kamfani tsakaninka da su, cewa foman ne ya kawo su ba zai raba ka da alhaki ba. Idan ma'aikacin da aka yi wa rajista ya rasu ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye, dokar ta tanadi a riƙa ba su kashi 90 cikin ɗari na abin da yake samu a wata.

Don wannan ya yiwu, ka buɗe littafi tun gobe: sunan kowane ma'aikaci, garinsu, da lambar wani nasa. Da yawansu 'yan cirani ne daga Katsina, Kano, Bauchi har Nijar, ana kiransu da laƙabi, idan abu ya faru a rasa wanda za a sanar. A ajiye akwatin taimakon gaggawa mai bandeji da yawa, a san motar da za ta ɗauki mutum, direban ya san hanyar Asibitin Ƙasa ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jabi ta titin filin jirgi. Wanda ya faɗo daga sama kada a ɗaga shi zaune, kada a naɗe shi a cikin Keke, kada a ba shi ruwa. Mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa, a mirgina shi gaba ɗaya kan ƙofa ko faffaɗan katako, a ɗauke shi a haka. Jini kuma a danne shi da tsumma mai tsabta, kada a zuba ƙasa, siminti ko man birki.

Bayan asibiti sai takardu. Ma'aikacin ko iyalinsa suna da kwana 14 su sanar da kai, kai kuma kwana 7 ka kai rahoto NSITF, neman diyya kuma ana shigar da shi cikin shekara ɗaya. Ka rubuta ranar, lokacin, abin da ake yi da sunayen waɗanda suka gani, ka ɗauki hoton wurin kafin a taɓa komai, ka ajiye rasit da rahoton likita. Biyan kuɗin ɗinki da ba shi kuɗin mota ya koma gida ba ya rufe maganar a gaban doka, musamman idan daga baya ta bayyana ba zai ƙara iya aikin ƙarfi ba.